Fassarar Baki da Fassarar Takarda a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A watan Janairu na 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya gangaro daga Damargu ya yada zango a bakin Tasawa, kafin ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina. Garin da ya tarar ba baƙon littafi ba ne. Tasawa tsohuwar ƙasar Katsina ce, kuma abin da malaman Katsina ke karantarwa a lokacin shi ne dai ake karantarwa yau a zaurukan Tasawa, Korgom, Urafan, Mayahi da Kanambakashe. Akwai Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. Akwai Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149. Akwai Ishiriniya, baitocin yabon Annabi na Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wadda Ɗan Masani na Katsina ya yi wa sharhi tun a ƙarni na 17. Ga kuma Dala'ilul Hairati ta Shehu Jazuli na Maroko, wanda ya bar duniya a 1465. Autar cikinsu ta haura shekara ɗari biyar, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta da Hausa.

Shekara shida bayan wucewar Barth, a 1857, aka buga Bisharar Matta da Hausa a birnin Landan. Mai fassarar, James Frederick Schön, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya fara tsintar harshen ne a bakin ƴantattun bayi a Saliyo, sa'an nan Allah ya kawo masa Dorugu har gida. Dorugu ɗan Dambanas ne, kusa da Kance, gabas da Tasawa. An kama shi yana yaro aka kai shi Kukawa, Overweg abokin tafiyar Barth ya fanshe shi, Barth kuma ya tafi da shi Ingila a 1855. A gidan Schön ya zauna, daga bakinsa Baturen ya gyara Hausarsa.

Littattafai iri biyu ke nan, duka tsofaffi, duka daga nesa, duka da harsunan da manomin Gulbin Kaba ba ya ji, suka zo neman kunnen Bahaushe. Batun wanne ne gaskiya, kowa da inda ya sa gaba. Abin da nake son aunawa shi ne yadda kowanne ya shigo. Malaman zaure sun bar littafi da Larabcinsa, suka riƙe fassara a baki. Ƴan mishan sun ɗora fassarar a takarda, suka baro asalin a can baya.

A leƙa zauren ilimi da hantsi, ko tsakanin azahar da la'asar. Malam na zaune bisa buzu, gafakoki jingine da bango. Ɗaliban nan sun wuce yaran allo: akwai tela, akwai mahauci, akwai mai awon hatsi a kasuwa, wani ma furfura ta fito masa. Wanda layi ya zo kansa sai ya matso, ya kwance tadarishi, ya zaro ƴan warƙoƙin da ya tsaya jiya, domin da yawa daga littattafan ba a ɗinke suke ba. Rubutun irin na Magariba ne, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ya ja kalma biyu ko uku ya dakata. Malam ya zuba masa Hausarsu. Ya ce na'am, ya ƙara ja. In an zo wuri mai sarƙaƙiya, malam ya ajiye fassara ya shiga bayani, ya kawo misali da rijiyar unguwa da akuyar da ta faɗa cikinta. An yi rabin shafi, sai a ce a dakata nan, gobe ma rana ce. A shafin babu Hausa ko kalma ɗaya, in ba ɗan ajamin da ɗalibi ya cusa ƙarƙashin wata kalma mai wuya don kada ta kuɓuce masa ba.

Hausar da ke fita daga bakin malam ba irin ta kasuwa ba ce. Tana bin sawun Larabci taku da taku. Aikatau ke fara zuwa, mai aikin ya biyo baya: ya tafi, shi Zaidu. Kowace ƴar ƙaramar kalma ta Larabci tana da abokiyar tafiyarta da ba ta canzawa, su lalle ne, haƙiƙa, abin sani kawai, face. Wanda bai saba ba sai ya ji kamar ana tuntuɓe, alhali da gangan ake yi. Ɗalibin da ya shekara goma yana jin wannan bin sawu, daga Ahalari zuwa Ishmawi, Iziyya, Risala, har Muhtasar, wata rana sai ya wayi gari yana gane Larabcin da kansa. Manufar fassarar ke nan, ta kai shi inda ba zai ƙara bukatarta ba. A Barno abin ya fi haka nisa, domin malamai sun riƙe wani tsohon harshe na musamman, Tarjumo, don wannan aiki kaɗai. A watan azumi kuma hanyar takan fito fili ga kowa: alaramma na jan baƙi, malam na fassarawa, gabansa ga Jalalaini, tafsirin da malaman Masar biyu, Mahalli da Suyuɗi, suka rubuta a ƙarni na 15.

Kiristoci kuwa da fassara suka tashi. Mafi yawan Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, amma tun a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa Yahudawan Iskandariya suka fara mai da shi Girkanci, kuma wannan juyin ne Kiristocin farko suka riƙe. Sabon Alkawari da Girkanci ya fito, alhali Aramanci ake yi a ƙauyukan Galili. Wajen shekara ta 400 Jerom ya zauna a Baitalami ya yi na Latin. Ƙibɗawan Masar da Habashawa su ma suka yi nasu. Saboda haka ga Kirista, wanda ke hannunsa da Hausa shi ne Littafi Mai Tsarki, ba tare da wani sharaɗi ba. Da shi ake wa'azi, da shi ake ɗaurin aure, da shi ake jana'iza.

Aikin Schön ya kai ga buga Sabon Alkawari a 1880, sai dai bai samu masu karatu a ƙasar Hausa ba. Wanda ya ɗauki nauyin bayansa shi ne Likita Walter Miller. Yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba shiri. A 1905 ya samu wurin zama a birnin Zariya, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa. Tare da Zazzagawan da suka karɓi addininsa da wasu Turawan mishan ya kammala littafin ɗungum, aka buga a 1932. A gefen iyakar da Tasawa take kuwa, ƙungiyar mishan ta SIM ta riga ta sauka Damagaram a 1924, ta kafa zango a Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare. Asibitin Galmi ya biyo baya a 1950, ga na masu cutar kuturta a Danja, ga makarantar Baibul a Agye, kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa. Littafin Zariya shi ne jarinsu. Faransawa sun so a koyar da Faransanci tsantsa a lakwal, su kuwa ƴan mishan, yawancinsu mutanen Amurka da Kanada, hankalinsu na kan koya wa manomi haɗa baƙin boko da Hausarsa don ya karanta da kansa. Wannan ya sha haɗa su da hukuma.

Kiristoci ƴan tsiraru ne a ƙasar Tasawa da Mayahi, amma inda suke, safiyar Lahadi tana da tsarinta. Ɗakin laka ne da rufin kwano, maza gefe guda, mata gefe guda. Fasto ya ambaci littafi da sura da aya, sai ka ji motsin shafuka ta ko'ina. Ba lallai shi zai karanta ba. Yana iya nuna wata daga zumuntar mata, ko yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya miƙe ya karanta da Hausa, sauran na bi da yatsa.

A nan, in za a faɗi gaskiya, takarda ta yi wa baki fintinkau. Babba mai himma yana iya haɗa baƙin boko cikin rani ɗaya, daga nan littafin duka nasa ne, daga Farawa har bangon ƙarshe, ba sai da iznin kowa ba. Hanyar zaure shekaru take ci, kuma ba kowa ke da su ba. Wanda damina ta tsare a gona, kaka na wucewa ya tafi cin rani Kano ko Agadas, yaushe zai kai Risala? Mata kuwa, in ba ƴar gidan malamai ba, ko wadda mijinta ya zaunar ya karantar, da wuya su kai bakin zauren. Shi ya sa za ka tarar da dattijon da ya haddace Ishiriniya, yana rera ta daren Mauludi har hawaye su zubo masa, ka tambaye shi ma'anar baiti ɗaya ya ce sai an tambayi malam. Ban raina hawayen ba. Amma Alfazazi ma'ana ya zuba a baitocin, kuma dattijon bai same ta ba. Malam ya bar hatsinsa a rumbu da zangarniya, kullum ya ɗebo na yini a sussuke; ɗan mishan ya kai nasa duka injin niƙa ya raba wa jama'a. Wanda aka ba niƙaƙƙe ya fi saurin tuƙa tuwo, sai dai ba shi da irin shuka, kuma ba zai iya cewa ga hatsin da aka niƙa masa ba.

Ta nan zaure ke ramawa. Tun da Larabcin na nan a shafi, duk abin da malam ya faɗa ana iya bin diddiginsa. In ya karkace, akwai wani a gefe da ya karanci littafin nan wurin wani malami a Katsina ko Zariya, zai yi gyaran murya ya ce, Allah gafarta malam, mu ga yadda aka ba mu. A dawo kan kalmar a duba. Kuskuren malam ɗaya a zaurensa yake tsayawa. Mai karatun Littafi Mai Tsarki a ƙauyen Mayahi ba shi da wannan dama. Ibrananci da Girkanci sun yi masa nisa, fastonsa ma sau da yawa bai wuce Hausa da Faransanci ba. Abin da masu fassara suka zaɓa can Najeriya shi ya zama nassi a wurinsa, a kowane kwafi, shekara da shekaru.

Kuma zaɓin ba ƙarami ba ne. Miller da abokan aikinsa sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya ratsa, ba su da wasu kalmomin addini sai waɗanda zaure ya tanada: Allah, annabi, manzo, mala'ika, zunubi, tuba, Zabura, sura, aya. Har mabiyan Almasihu goma sha biyu almajirai aka kira su, sunan yaran makarantar allo. Amma da aka zo kan sunansa shi kansa, sai aka kauce wa Isa da kowane Bahaushe ya sani, aka ɗauki Yesu. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin Kiristocin Maraɗi a littafinta na 2006, ta tsaya sosai kan irin waɗannan zaɓe-zaɓe. An so a raba tsakanin abin da ake wa'azi a majami'a da abin da Alƙur'ani ya faɗa, kuma an raba ɗin, har maƙwabci Musulmi kan ji sunan ya ɗauka wani baƙo ake nufi. Da a zaure ne, malam zai faɗi wannan yau, gobe ya dubi fuskar mai sauraro ya sauya. Littafin bugu sai da ya jira kusan shekara hamsin kafin sabon juyi ya fito, wajen 1980, inda Kristi ya koma Almasihu, Yohanna ya koma Yahaya, Misalai suka koma Karin Magana.

Ga kuma batun karin harshe. Hausar littafin ta Zazzau da Kano ce. Mutumin Mayahi da ke cewa tahi da hwari yana jin ta sarai, amma ya san ba ta gidansu ba ce. Malamin zaure ba ruwansa da wannan: Bagobiri ya fassara da Gobiranci, Bakatsine da Katsinanci, Badamagare da nasa. Fasto ma yakan koma ga dabarar malam ko bai lura ba. Bayan an karanta ayar da Hausar takarda, sai ya ce wato, ya sake faɗinta da Hausar garin.

Akwai wani rukunin littattafai da ya fi ƙarfin hanyoyin biyu, wato na asiri. Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Albuni na ƙarni na 13, da ƙanana irin su Ummu Musa da ake samu a tabarmar masu sai da littattafai ranar kasuwa, ba da ma'anar kalma kaɗai suke aiki ba. Kowane harafi lamba ne: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. A hatimi mai gida tara, ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 yadda duk layin da ka bi, tsaye ko kwance ko a karkace, zai ba ka 15. Ƙidayar ma ta rabu biyu. A ta Gabas sin 60 ne, a ta Magariba wadda malamanmu suka gada 300 ne, saboda haka suna ɗaya na iya ba da jimla biyu. Ƙasar Katsina ta yi suna a wannan fanni. Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya yi rubuce-rubuce kan hatimai da sirrin haruffa, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. To, me za ka fassara a nan? Ka mai da kalmar Hausa, haruffa sun canza, lamba ta rushe. Haka rubutun sha: Larabcin ake rubutawa a allo a wanke, ba a wanke tarjama. Ko mutum ya yarda da wannan ilimi ko ya ɗauke shi bidi'a, zai ga cewa a nan jikin harafin ake so. Ƴan mishan sun nemi sabon tuba ya rabu da layunsa, da Izala ta shigo Maraɗi daga Najeriya kuma, kusan abin da ta nema ke nan. Ba abin mamaki ba ne, tun da su biyun sun haɗu a kan cewa littafi don a gane abin da ya ce aka saukar da shi.

A 1979 aka buga tarjamar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ƴan Izala ke ɗauka uba, da baƙin boko, kusan lokaci ɗaya da sabon juyin Littafi Mai Tsarki. Daga baya aka yi ta buga ta a Madina ana raba wa alhazai. Mutanen Maraɗi da Tasawa dama sun san muryarsa ta Rediyon Kaduna. Yanzu ɗan lakwal, da matar da ta yi ajin yaƙi da jahilci, suna iya buɗe sura su karanta ma'anarta ba malam a tsakani. Musulmi sun ɗauki hanyar takarda ke nan, amma ba su ɗauke ta duka ba. Larabcin na nan a shafi, Hausar na gefensa, an kuma kira aikin tarjamar ma'anoni don kada wani ya ɗauka ita ce Alƙur'ani. Ba mai yin salla da ita. A ganina wannan shafi mai harshe biyu ya fi kowace daga tsofaffin hanyoyin nan, domin manomi ya samu abin karantawa, masani kuma bai rasa abin dubawa ba.

Sai dai ya zo da tasa matsalar. Da fassara ta zauna a rubuce, sai ta zama abin nunawa da yatsa. Malaman ɗariƙa sun ga cewa yadda Gumi ya juya wasu ayoyi, musamman masu magana kan siffofin Ubangiji, aƙidarsa ce ya shigar. Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya a Kano, ya fito da tasa, Ihsanul Mannan, a shekarun 1980, bisa tafarkin Ash'ariyya da na sufaye. Saɓanin da a da yake tsakanin zaure da zaure, kowa da ɗalibansa, yanzu ya shiga bugu, har da lambar shafi. Kana iya gane ɓangaren mutum daga tarjamar da ke ɗakinsa. A majami'a ma akwai dattawan da har yau suka fi son lafazin 1932, domin da shi suka haddace ayoyinsu.

Yanzu kuma wayar salula ta shigo tsakani. A tasha ko kasuwa, yaro mai caji zai zuba maka a katin waya tafsirin malamin da kake so, na azumi guda cur, ya ƙara maka da karatun Ishiriniya. Littafi Mai Tsarki ma an naɗe shi da murya, ana sauke shi kyauta. Wanda bai iya boko ba, bai iya ajami ba, yana jin wanda ya ga dama yana bisa amalanke a hanyar gona. Fassarar ta koma baki, amma bakin da ba a katse shi da tambaya, gobe kuma abin da ya faɗa jiya zai maimaita. Katin ba ya koya wa mai shi Larabci, ba ya koya masa Girkanci, ko haɗa baƙi ma ba ya koya masa. Wannan har yanzu sai an je an zauna gaban wani, a zaure ko a aji.